Shekarar da Muka Yanke Shinkafa Ɗanya

Bana ma ruwa ya zo da wuri. Tun shigowar watan takwas sama ba ta yi kwana uku a jere a bushe ba, kuma kullum da safe idan na leƙa ƙofar gida sai in ga maza sun nufi bakin jinga da buhunan yashi a kan babura. Duk wanda ke zaune a Haɗeja ya san idan damina ta yi nisa ba a hirar komai sai ta wannan tudun ƙasa da ke tsakaninmu da kogi. Yanzu kowa da wayarsa, sai a yi ta turo saƙo: ruwa ya ci gari kaza, gobe yana tafe. Rabi gaskiya, rabi ƙarya, amma duka suna hana mutum cin abinci.

A cikin wannan zullumi ne sakamakon jarrabawar 'yata Humaira ya fito. Ta ci komai, ban da lissafi. Yarinyar da duk matan layinmu ke kawo wa wayoyinsu in sun rikice, wadda tun tana aji uku take cewa injiniyar kwamfuta za ta zama, ta wuni a ɗaki. Da la'asar ta fito ta same ni ina tsince shinkafa a faifai, idanunta sun kumbura.

"Umma, wai dole sai da lissafi?" in ji ta. Ta miƙo min wayar. "Kin ga wannan ya ce shekararsa goma yana aikin kwamfuta, bai taɓa waiwayar lissafin makaranta ba. Wannan kuma ya ce in ba ka iya ba kada ma ka soma. Ranar Juma'a za a rufe rajistar masu sake rubutawa. Ni in sake ne, ko in nemi wani fannin in huta?"

Iska ta kaɗo warin jiƙaƙƙen buhu daga waje, sai na ji ni a kan wata rumfa ta kara a tsakiyar fadama, shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce.

Lokacin ina da shekara goma sha tara, a ƙauyenmu na ƙasar Auyo. Mu huɗu Baba ya haifa, duk mata, ni ce babba, kuma ni kaɗai na gama sakandare. Sakamakona ya fito irin na Humaira, har ma nawa ya fi muni, don a lissafi ko kusa da ci ban je ba. Gari ƙarami ne, kafin sati kowa ya ji. Ni kuwa abin bai dame ni yadda ya kamata ba, domin hankalina ba a duniyar nan yake ba. Yana cikin littattafan soyayya da muke musaya da ƙawaye, inda samari ke fitowa daga mota da ƙamshin turare, 'yan mata kuma ba sa yin gumi.

Shekarar da ta gabata ruwa ya cinye mana gona ƙarƙaf, saboda haka damina ta same mu rumbu a bushe. Sau ɗaya Inna ke ɗora tukunyar tuwo, da yamma. Da safe kunu ne mai ruwa-ruwa wanda kake iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa, ko rama, ƙuli-ƙulin ma sai an yi masa rowa. Ƙannena suna zuwa bakin tafki su tsinko bado, a shanya 'ya'yansa a daka a haɗa da ɗan garin dawa don ya yi auki. Ba na manta yadda cikina ke yin ƙugi wajen azahar, da wani jiri mai sanyi da ke ɗibar mutum in ya tashi tsaye da sauri. Duk gidan idonmu a kan abu ɗaya yake: shinkafar Baba da ke bayan jingar ƙauyenmu, wadda ta yi kyau irin wanda ya ce bai taɓa gani ba tun yana saurayi.

Da shinkafa ta fitar da kai, sai jan-baki suka sauka. Tsuntsaye ne ƙanana, amma in suka taso kamar hadari suke, kuma in suka zauna a gona na minti kaɗan sai dai ka tarar da ƙaiƙayi. Tun da babu ɗa namiji, ni da Goggo Dije, yayar Baba, muka karɓi korar tsuntsu. Baba ya kafa mana rumfa mai ƙafa huɗu a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mu hau bayan sallar asuba, mu sauko rana ta kusa faɗuwa. Zafi ya taso daga ruwan gona kamar tururin tukunya, sauro na ranar ma bai bar mu ba, ƙafafuna kullum fari fat da jiƙa. Hannu ɗaya a igiya, ɗaya a littafi. Goggo ta ce wata rana tsuntsu zai yi sheƙa a kaina ban sani ba.

Akwai wani aiki na biyu da Baba ya ba ni. A gidanmu, tun kakanni, ana kafa doguwar gora a gindin jinga ta ɓangaren kogi. Baba ya yi mata tsaga da wuƙa, tsakanin kowace tsaga da ta kusa da ita faɗin yatsa ɗaya, ya ɗaura jan ƙyalle a daidai tsayin kan jinga. Kullum da safe sai a ƙirga tsaga nawa suka rage a bushe tsakanin ruwa da ƙyallen. Idon Baba ya fara rauni, sai ya ce, "Ke da kika yi boko, ƙirga dai ai ba ta gagare ki ba." Da yamma in faɗa masa, shi kuma ya yi nasa lissafin da ka. In ruwa ya ci tsaga uku jiya, saura sittin, to kwana ashirin ke nan. Haka mahaifinsa ya yi, haka kowa ke yi. Ni don kada in manta, sai in rubuta lambar a bayan littafin da ke hannuna. Shi kaɗai ne nawa na kaina, bangonsa ma ya cire.

Gonar da ke maƙwabtaka da tamu ta Baba Modu ce, kuma a rumfarsu akwai ɗansa Bukar, wanda yajin aikin jami'a ya dawo da shi gida. Ranar da na ji cewa injiniyan kwamfuta yake karantawa, sai na riƙa hangen rumfarsu. Jarumin littafina ma injiniyan kwamfuta ne. A labarin, yana zaune a ofis mai sanyi yana danna madannai da yatsu masu laushi, matsaloli suna warwarewa da kansu. Bukar kuwa siriri ne baƙi, da tsohuwar riga mai yagaggen aljihu, kullum kansa a sunkuye kan wani littafin rubutu, yana jan igiya da babban yatsan ƙafarsa. Duk da haka na sa masa fuskar jarumin. Kwana biyar ina shirya maganar da zan fara yi masa.

Ranar da muka haɗu a kan jinga, na je ƙirga gora shi kuma ya zo ɗibar ruwa, duk abin da na shirya ya gudu. Goggo na hango mu daga rumfa.

"Yaya Bukar, ina kwamfutar taka?"

"Wace kwamfuta?"

"Ba ita kake karantawa ba?"

Ya yi dariya, ya zaro littafin daga aljihu ya buɗe min. Lambobi ne da haruffa sun hau kan juna, shafi bayan shafi, irin waɗanda ganinsu kawai ke sa min ciwon kai. "Ga ta nan," ya ce. "Shekarata biyu a can, in mun shiga ɗakin da take, mu takwas ne a kan guda ɗaya. Sauran lokacin duk wannan ne."

"To ai wannan lissafi ne."

"Ita ma lissafin ce, Rakiya. Ba ta san shinkafa ba, ba ta san soyayya ba. Ƙirga kawai ta iya, sai dai tana yi da sauri. Wanda zai ƙera ta dole ya san abin da za ta ƙirga."

A duk maganar nan kalma ɗaya na ɗauka, kuma na kwana uku ina juya ta, ina tambayar kaina me ya sa a cikin duk kalmomin duniya ita ya zaɓa.

Ya ga littafina a hannu, ya karɓa, ya juya bayansa. Lambobi uku ne a lokacin: saba'in da huɗu, saba'in da biyu, sittin da tara. Na gaya masa na gora ne. Ya ciro fensir daga bayan kunne, ya rubuta ƙaramin biyu tsakanin ta farko da ta biyu, ya rubuta ƙaramin uku tsakanin ta biyu da ta uku.

"Ki riƙa rubuta abin da ya ci kullum, a jere," ya ce. "Lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Sai kin ga inda suka dosa."

Kashegari aka ce an janye yajin aiki. Ranar da ta biyo baya ya hau kwale-kwale zuwa bakin titi da jakarsa a ka, ko waiwayowa bai yi ba. Na yi kuka a rumfa, na ce wa Goggo hayaƙin da muka turara don sauro ne. Gaskiyar magana, ba don na fahimci abin da ya ce ba na ci gaba da rubuta ƙananan lambobin nan. Na yi ne don rubutuna ya zauna kusa da nasa.

A 'yan kwanakin nan sama ta yi nauyi. Ba a yi ruwa mai yawa a wajenmu ba, amma kullum ta yamma baƙi ƙirin, ana walƙiya can nesa babu sauti. Kogi ya canza launi, ya koma ja kamar kunun kanwa, yana tafe da karan dawa da rassan itace, wata rana har da mushen akuya. Masu fito suka ce ana ta sheƙa ruwa a sama. Na rubuta sittin da biyar. Na rubuta sittin. Ranar wata Talata na ƙirga, na sake ƙirgawa, hamsin da huɗu.

Na koma rumfa na rubuta ƙaramin shida, sai idona ya bi layin tun daga rubutun Bukar. Biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Kullum yana ƙara ɗaya. Na daɗe ina kallonsu, igiya ta faɗi daga hannuna. Na san abin da Baba zai ce da yamma: shida a rana, saura hamsin da huɗu, kwana tara. Kuma na ji shi da asuba yana gaya wa Inna cewa shinkafa na neman kwana takwas ta ƙosa. Amma in gobe bakwai zai ci, jibi takwas, gata tara fa?

Na fara tarawa a gefen shafin, gumi na ɗiga a takarda. Bakwai da takwas, sha biyar. Da tara, ashirin da huɗu. Na ci gaba har na wuce hamsin da huɗu, na ƙirga layukan. Kwana biyar.

"Tsuntsu, Rakiya," in ji Goggo. "Ga su can sun sauka a kusurwa kina zaune kamar an dasa ki."

Na ja igiya, gwangwanaye suka yi kuka, sannan na gaya mata. Ba ta gane lambobin ba, amma ta daɗe tana kallon kogi.

Bayan la'asar muka koma gida da wuri. Baba na zaune a tabarma a tsakar gida yana wasa lauje, Inna na bakin murhu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa hamsin da huɗu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Kwana tara. Mun riga shi da kwana ɗaya."

"Baba, ba tara ba ne. Biyar ne."

Ya dakata da wasa laujen. Na yi masa bayani a rikice, ina haɗa farko da ƙarshe. Ya ce in sake. Na ɗebo tsakuwa na jera masa a kan tabarma: biyu, uku, huɗu, biyar, shida, kowane tsibi ya fi na bayansa. Na ce masa shi yana lissafi ne kamar ruwan zai tsaya a kan shida, alhali bai taɓa tsayawa a kan lamba ɗaya kwana biyu ba. Ya daɗe yana kallon tsakuwar. Mutum ne mai kaifin kai, ya gane tun kafin in gama.

"Wannan lissafin," in ji Inna daga bakin murhu, ba tare da ta juyo ba, "ba shi ne wanda aka ce kin faɗi ba?"

Babu wanda ya yi dariya. Goggo ta ce, "Ni ban san boko ba, Idi. Amma ruwan nan ba na garin nan ba ne, baƙo ne, kuma yana sauri."

Baba ya ajiye laujen. Ya yi magana a hankali, kamar da babban mutum yake yi. "Rakiya, ki saurare ni. In na bar ta ruwa ya zo ya ci, Allah ne ya kawo, kowa zai yi min jaje. In na yanke ta ɗanya ruwa bai zo ba, ni na zubar da rabin abincin gidan nan da hannuna, kuma sai mun ci wannan kunyar har shekara ta zagayo. Kin gane bambancin?"

"Na gane, Baba."

"To kin tabbata?"

A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri yarinya kan ɗaga kai ta yi magana muryarta ba ta rawa. Ni kuwa ƙannena uku sun zuba min ido daga ƙofar ɗaki, ƙaramarmu tana tsotsar ɗanyen bado. Ban tabbata ba. Ban taɓa tabbata da lissafi ba a rayuwata. Na ce, "Na tabbata."

Laraba Baba ya zagaya gari yana kiran gayya. A wajenmu ba a kiran gayya sai shinkafa ta yi ja, saboda haka duk gidan da ya shiga sai an tambaye shi ko lafiya. Wasu suka zo don girmansa, wasu don su ga abin da idonsu. Inna ta juye ɗan sauran dawar da muke lallaɓawa gaba ɗaya a turmi, don ba a kiran mutane aiki a bar su da yunwa. Na ga hannunta ya tsaya a bakin buhun kafin ta zazzage shi.

Alhamis aka sa lauje. Ina kai ruwan sha na ji Baba Modu, mahaifin Bukar, yana tsaye a kan iyakar gonarsa yana cewa, "Malam Idi, wai da gaske 'yar da ta faɗi lissafi ce yanzu ke duba maka kogi? Ni nawa ɗan da ya ci lissafin ai bai ce min in yanke ba." Aka kwashe da dariya. Baba bai ɗago ba, ya ce, "Naka ɗan ai ba ya nan, Modu." Ya ci gaba da yanka.

Shinkafar tana da ban tausayi. Kan zangarniya ya fara ja, amma gindinta kore shar, in ka matse ƙwayar ƙasa da farce sai wani farin ruwa kamar nono ya fito. Warin ɗanyen ganye ya cika fadama. Kwana uku ana yanka ana ɗaurewa, ana lodawa a kwale-kwale zuwa tudu, ana bugawa a jikin durom. Ba ta son barin zangarniya, sai an buga sau biyu abin da aka saba. Mu mata muna dafawa, muna sheƙa, muna shanyawa a duk inda ya bushe: farfajiyar masallaci, tabarmin gida, har zanin gadon Inna na aure. Da hadari ya taso sai a kwashe a guje, ya wuce a sake bazawa. Wadda ta kwana a tare sai ta yi zafi a ciki ta fara tsami. A kwanakin nan ko sau ɗaya ban samu zuwa wajen gora ba.

Lahadi ce rana ta biyar. Gonarmu ta zama kututture, a gefenta ta Baba Modu tana kaɗawa a iska, ta ƙara ja, ta ƙara nauyi. Na je bakin jinga. Ruwa ya hau sosai, amma akwai tsaga goma sha biyu a bushe. Sama ta washe, rana ta fito fes, irin ranar da shinkafa ke so.

Ban taɓa ganin doguwar rana irin wannan ba. Na koma gida na faɗa wa Baba, ya ce, "To," bai ƙara ba. Inna ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta zuba min kunu daidai da na kowa. A bakin rijiya da na iso, wata mata ta ce, "Injiniya, yaushe ne ruwan naki?" Abin da ya fi ci min rai shi ne na kama kaina ina roƙon ruwa ya zo. Ina sallah ina jin zuciyata na so kogi ya cinye gonakin mutane don kada in zama maƙaryaciya. Na yi ta istigfari, tunanin yana dawowa.

Litinin saura huɗu. Mutane suka daina zolaya, wasu suka fara wasa lauje, amma kowa na cewa a ƙara kwana ɗaya, kwana ɗaya kawai. Talata da hantsi muna shanya, sai muka ji wani sauti kamar babbar mota na tafe daga nesa. Jingar ba ta ma jira ruwa ya hau kanta ba, ta fashe ta ƙasan gonar Baba Modu. Kafin azahar fadama ta zama tafki ɗaya, rumfarmu kawai ake hangowa, tsuntsaye sun jeru a kanta.

Babu wani daɗi da na ji. Sati guda maza suna shiga kwale-kwale suna lalubo zangarniya a ƙarƙashin ruwa, suna fitowa da abin da bai kai ya cika ƙwarya ba, baƙi, yana wari. Baba ya shiga cikinsu tun ranar farko. Tamu kuma da aka kai inji, kusan rabi ƙaiƙayi ne, sauran ta kakkarye ta yi fari kamar alli. Inda Baba ya sa ran buhu ashirin, tara muka ɗaure. Biyu daga ciki ya sa aka kai gidan Baba Modu ta ƙofar baya. Tuwonta ba ya ɗauri, yana da ɗan tsami-tsami, kuma shi muka ci har bazara. Amma mun ci. Babu wadda aka tura gidan dangi a cikinmu a shekarar.

Baba bai taɓa ce min na kyauta ba. Abin da ya yi kawai, da shekara ta zagayo ya kafa sabuwar gora, ya miƙo min fensir. Na sake rubuta jarrabawar sau biyu kafin in samu ci da ƙyar. Ban zama injiniya ba, koyarwa na yi a firamare. Bukar ya gama, ya yi aure a Maiduguri, na ji an ce yana aiki a wani kamfani. Ban yi tsammanin ya san ya taɓa rubuta wani abu a littafina ba. Ni kuma na auri baban Humaira, mai gyaran injin ban-ruwa, wanda ke shigowa gida da warin man inji, kuma ban taɓa yin nadama ba.

Duk wannan ya wuce ta kaina Humaira na tsaye da wayarta. Na ajiye faifan, na shiga ɗaki na buɗe ƙasan akwati. Littafin yana nan, ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya cinye. Na ba ta labarin a taƙaice, ban da wasu wurare, na juya mata bayansa.

Ta zauna a bakin tabarma tana bin lambobin da yatsa. Ta wuce na gora, ta wuce ƙananan, ta zo kan tarawar da na yi a gefe. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

"Umma, nan fa?"

"Ina?"

"Ashirin da huɗu da goma. Kin rubuta arba'in da huɗu. Ai talatin da huɗu ne." Ta ci gaba da bakinta a hankali. "Arba'in da biyar, hamsin da bakwai. Kwana shida ya kamata ki ce, ba biyar ba."

Na karɓi littafin na kai shi kusa da ido. Ga shi nan, da rubutuna, har da tabon gumin da ya ɗiga a kai. Shekara ashirin da 'yan kai ina cewa kogi ne ya rage gudu a ranar Lahadin nan. Ya rage ɗin, amma ba shi kaɗai ba ne. Kwana ɗaya cur na rana mai kyau na ƙwace wa shinkafar Baba, kuma Allah kaɗai ya san ƙwarya nawa ke cikin kwana ɗaya. Na tuna hannun Inna a bakin buhun dawa. Na tuna Baba yana tambayata ko na tabbata. Shekararsa tara a ƙasa, ya tafi yana ganin 'yarsa ba ta yi kuskure ba. Sai kuma wani tunanin ya zo ya tsaya kusa da na farko: da shida na ce, da wataƙila ya ce a ƙara kwana ɗaya, kamar yadda kowa ya ce.

"Yaya aka yi kika gani da sauri haka?" na tambaye ta.

Ta ɗaga kafaɗa. "Ai a fili yake. Wannan ba irin na jarrabawa ba ne, wannan na san abin da ake nema."

Hadari ya fara haɗowa ta yamma, wani mai babur ya wuce da buhunan yashi yana danna oda. Humaira ta jawo biro daga jakarta, ta ɗora bakinsa a kan huɗun nan nawa za ta mayar da shi uku. Na riƙe hannunta.

"Bar shi yadda yake," na ce. "Rubuta naki a gefe."

Ta kalle ni, ta gyara zama, ta koma saman shafin ta fara daga farko.